Buzu Mai Jan Wuya

A shekarar 1974 na fara sanin Sirajo ɗan Sale majemi. A shekarar ce aka turo ni Wurno a matsayin malamin fata, bayan na gama makarantar mishan na yi ɗan kwas na kula da dabbobi. Aikina shi ne in bi mahauta in nuna musu yadda za su feɗe dabba ba tare da wuƙa ta huda fata ba, in kuma duba yadda ake shanya. An fito daga fari ke nan, dabbobi sun mutu da yawa, fata kuwa ta yi arha har ba a ciniki a kanta.

Majemar gidan Sale tana bayan gari, ta wajen fadama. Hanci ke fara isa wurin kafin ido. Ranar da na je na gaishe su ina sanye da gajeren wando na kaki da doguwar safa, irin shigar da aka saba mana da ita a makaranta. Wani saurayi da ke kankare fata a bayan tsohon turmi ya ɗaga kai, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam. Mi yac ci sauran wandon?"

Mahaifinsa Sale ya daka masa tsawa, amma na ga kafaɗar tsohon tana rawa don dariya. Wannan saurayin shi ne Sirajo. Wansa Almustapha yana gefe yana dakan bagaruwa, bai ko murmusa ba. Haka na san su, haka kuma suka tsufa: ɗaya baki, ɗaya shiru.

Sana'ar gidan ita ce buzu, wato fatar rago da ake jemewa da gashinta don salla da zama. Bayan layya, malamai da dattawa daga Wurno, da Rabah, da ƙauyukan Goronyo sukan aiko da fatun ragunansu a jeme musu. Gidan Sale yana da alamarsa. In an gama buzu, akan yanko siririyar jar fatar akuya a bi wuyan da ita, a ɗinke da wani irin ɗinki mai giciye, a bar ɗan hannu na ratayewa. A kasuwa ba a cewa buzun gidan Sale. Cewa ake buzu mai jan wuya, kuma wanda ya ga jan wuya ba ya juya fata ya duba bayanta.

Da Sale ya rasu, Almustapha ya gaji majema. Ni na ga yadda zamansu yake, domin nakan tsaya can da la'asar. In Sirajo ya gama fata, ba ya kai wa wansa. Yakan shimfiɗa ta a inda ya san zai bi. Almustapha ya ɗauka, ya shinshina, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ajiye, ya wuce. Sirajo ya taɓa ce mini, "Malam, in Yaya ya yi shiru, aiki ya yi. In ya yi tari, a koma ramin jima." Duk surutunsa da ban dariyarsa, wannan shirun yake nema. Da magariba kuma akushi ɗaya suke ci a zaure, ƙanin yana ba da labarin kasuwa, wan yana tauna.

Wajen 1991 abubuwa suka sauya. Dillalan kamfanoni suka shigo suna sayen ɗanyar fata da gishiri, mutane da yawa suka gwammace su sayar da fatar layya a ranar da su jira buzu. Aiki ya ragu, bakuna kuwa sun ƙaru a gidan. A lokacin ne Sirajo ya je Sakkwato ya dawo da buhu guda na gutsattsarin wani yadi mai gashi, irin wanda ake yi da roba a ƙasashen waje. Fari ne fat, gashin a tsaye kamar buroshi, yana ƙyalli, yana warin kanti.

Abu na farko da ya yi shi ne abin da kowane majemi zai yi. Ya jefa shi a ruwan bagaruwa. Ya fito yadda ya shiga. Ya tsoma shi a karan dafi, wanda suke rina jar fata da shi, aka ɗauraye, ja ya bi ruwa.

"Wanga abu ba shi da kunya," in ji shi. "Dut abin da kab ba shi, ba shi karɓa."

Bai haƙura ba. Ya kama 'yar rumfa kusa da tasha, ya zauna da abin har ya san halinsa. Na sha zama a rumfar nan, don haka zan iya faɗin yadda yake yi. Ba ya yanka yadin da almakashi. Yakan kifa shi, ya bi bayan da reza, don kada ya datse gashin. Daga nan sai taza da matajin waya, har gashin ya saki. Sai aski: da injin aski na hannu yake rage wurin ƙafafu da ciki, ya bar na wuya da ƙirji da tsawo, domin haka Allah ya yi rago. Sai ya ɗora tukunya mai ƙaramin baki a wuta, ya riƙa bi da yadin ta kan tururi yana kwantar da gashin da tafin hannu, ya fitar da tsaga a gadon baya, ya murɗa 'yar cibiya a kafaɗa. Inda yake son gashi ya nannaɗe, yakan naɗe shi a tsinke, ya turara, ya bari ya huce. Rinin da ya ƙi kamawa kuwa, a wurin masu fentin mota ya samo maganinsa. Yakan tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, ya zuba a famfon fesa maganin sauro, ya fesa daga nesa, ya taje tun bai bushe ba. Da haka yake fitar da uda, ragon nan da rabinsa baƙi rabinsa fari, har da 'yar rawayar dauɗa a gefen cinya.

Ranar kasuwa sai ka gan shi a turken raguna, ba saye ba, ba sayarwa. Yana tsugune yana kallon yadda gashi ke kwanciya a jikin dabba mai rai. Dillalai suna yi masa tsiya: "Sirajo, in aurenta za ka yi, ka yi magana da mai ita."

Rigar sirdin babur ya fara yi, da shimfiɗar gaban mota. 'Yan kabu-kabu da direbobin da ke ɗaukar albasa daga gonakin madatsar ruwa suka yi masa caa. Ta farkon da ta gamsar da shi, ya kai ta gida ya shimfiɗa a hanyar wansa, kamar yadda ya saba. Almustapha ya zo, ya dube ta, ya kewaye ta ya wuce. Bai ɗauka ba, bai yi tari ba. Tun daga ranar Sirajo bai sake kai aikinsa gida ba, Almustapha kuma bai taɓa taka rumfar ba. Amma hatsin da ake tuƙa tuwon akushin nan, da yawansa daga rumfar yake fitowa, kuma dukansu sun sani.

Wani direba ne ya ce a yi masa mai siffar buzu, wanda zai riƙa salla a kai in yana hanya, domin na gaske in ya jiƙe wari yake. Sirajo ya yanka shi da ƙafafu huɗu da wuya. Don kada ya riƙa zamewa a kan siminti, ya manna masa siririyar fatar tunkiya a baya, irin wadda ba ta da kasuwa. Da ya gama, ya yanko jar fata ya bi wuyan, ya yi ɗinkin giciye, ya bar hannun ratayewa. Ina zaune. Na ce masa, "Sirajo, wannan fa alamar gidanku ce."

"To ni ɗan wane gida na, Malam? Baba yac ce aikin da ba a yi ma jan wuya ba, ba a ƙare shi ba."

Zan faɗi wannan saboda gaskiya: bai taɓa sayar wa kowa da sunan na gaske ba. Duk wanda ya zo rumfarsa zai ce masa, "Na roba na, kar ka kai shi kusa da wuta." Amma ba kowa ke saye don kansa ba. Masu kai kaya ƙauye suka gane abin da ke hannunsu. Su ba su ce na gaske ne ba, ba su kuma ce na roba ne ba. Jan wuya kawai suke nunawa.

A ɗarin 1996 abin ya faru. Wani limamin ƙauye a ƙasar Rabah, Malam Zaharaddeen, dattijo mai mutunci, yana zaune da safe a kan sabon buzunsa yana jin ɗumi a bakin kasko. Garwashi ya yi tsalle ya faɗa a gefensa. Duk wanda ya tashi da buzu ya san abin yi: ka sa tafin hannu ka buge, gashi ya ɗan babbake, ya yi ƙauri, shi ke nan. Haka ya yi. Amma wannan ba gashi ba ne. Roba ta narke ta kama masa tafin hannu, da ya fizge sai ta taho da fatarsa.

Bai aiko kowa ba. Da kansa ya zo Wurno ranar kasuwa, hannu naɗe da tsumma, ya tarar da Almustapha a inda yake baje buzaye, ya jefa abin a gabansa. Ban ga wannan da idona ba, amma rabin garin sun gani.

"Ɗan Sale, tun ubanka na da rai nike aiko hwata gidanku. Wanga na aikinku yanzu?"

Almustapha ya ɗauka. Ya shinshina. Ya juya wuyan, ya daɗe yana duban ɗinkin. Da ya ce ba nasa ba ne, da ya yi gaskiya, amma dole a tambaye shi to na wa. Sai ya ce, "Malam, daga gidanmu yah hito. Ka yi haƙuri." Ya zaɓi mafi kyau cikin kayansa ya miƙa masa. Limamin bai karɓa ba.

Da magariba Sirajo ya shigo zaure a gigice, ya riga ya ji. Ya durƙusa yana bayani, yana rantsuwa bai yaudari kowa ba. Almustapha ya bar shi har ya ƙare. Sa'an nan ya kira matarsa ya ce daga yau a riƙa kai masa tuwonsa ɗaki. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da babbar salla ta zo, fatun da aka aiko majemar ba su cika rami ɗaya ba. Magana ta zaga cewa gidan Sale sun koma haɗa roba da fata. Mutum ya ga jan wuya a kasuwa, sai ya ciro gashi guda ya kunna masa ashana, a gaban Almustapha, yana tsaye. Mutumin da tun tasowarsa ba a taɓa juya fatarsa an duba ba. Ya daina fita kasuwa. Ya koma yin ƙwadago a gonakin albasa, yana jeme ɗaya-biyu in an kawo.

Sirajo ya kwashe matarsa Mashkura da 'ya'yansa ya koma Goronyo. Bai sake yin buzu ba, sai rigunan sirdi da shimfiɗun mota, kuma Allah ya buɗa masa, har ya sayi babur. Dattawa sun shiga tsakani ba sau ɗaya ba. Almustapha yakan ce shi ba ya gaba da kowa, kuma haka ne. Suna gaisawa a wurin suna da jana'iza. "Ina kwana, Yaya." "Lahiya." Daga nan ba ƙari. Hatsin da Sirajo ya aika, an mayar masa. Tufafin salla na yara, an mayar.

Bayan na yi ritaya na zauna a Wurno, domin nan na binne matata. Nakan je Goronyo in zauna a rumfarsa. Surutun yana nan, amma ya ƙara tari, saboda ƙurar gashin roba da warin fenti da yake shaƙa. In zan tashi yakan raka ni bakin titi, sai mota ta tsaya sannan ya ce, "Kana ganin mutumen?" Wansa yake nufi, wanda idonsa ya fara rauni. In ce ina ganinsa. "Idon nashi fa?" In ce da sauƙi. Ba ya ƙara komai.

'Yan shekaru bayan haka wani direba mai suna Bashar ya fara zuwa majemar. Ya ce akwai masu son buzu na gaske can wajen iyaka, duk abin da Almustapha ya jeme zai ɗauka, kuma lalle a yi masa jan wuya. Ba da yawa yake ɗauka ba, amma ba ya fashi. Almustapha ya sake haƙa ramin da ya cike. Sannu a hankali kuma sai fatun layya suka fara dawowa, daga Magarya, daga Boyekai, har daga ƙasar Rabah. Wani lokaci baƙo ya tsaya ya ce, "Mun ga aike, Allah shi saka da alheri, kun riƙe amana." Almustapha yakan amsa da amin. A zatonsa kayan da Bashar ke kaiwa ake nufi, kuma shi ba mai bin diddigin magana ba ne.

A shekarun nan an sha ganin Sirajo a kan babur a ƙauyuka, da ƙunshi a baya. Kowa ya ɗauka talla yake zuwa.

Ya rasu a daminar 2021, ƙirjin ne ya kai shi. Almustapha ya je, shi ya tsaya aka yi masa wanka, ya karɓi gaisuwa a matsayin babba, ya dawo Wurno. Ban ga ya yi kuka ba.

Aka share makoki, kaka ta shigo, Bashar bai zo ba. Buzaye uku suna rataye an gama su. Almustapha ya aika a kira shi. Ina wurin ranar da ya zo, ya durƙusa daga nesa yana wasa da makullin mota.

"Kai Bashar, mutanen iyaka sun bar salla na?"

"A'a, Baba."

"To mi? Aikin na yab ɓaci? Ka hwaɗi, idona ya yi rauni, na sani."

Bashar ya dube ni kamar zan cece shi. Sa'an nan ya ce, "Baba, babu mutanen iyaka. Mai sayen ya rasu."

Ya ba da labarin a gutsure. Sirajo ne ke turo shi. In ya karɓi buzu, Goronyo yake kaiwa. Sirajo kuma ya bi 'yan tallan da suka sari kayansa a da, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wa suka sayar wa, a wane ƙauye. Ya hau babur ya je, ya yi sallama, ya nemi a fito masa da buzun. In na robar ne, ya karɓa ya ba da na gaske. Ba ya cewa shi ya kawo. Cewa yake, "Daga gidan Sale anka aiko ni a musanya muku. Wanga aikin Almustapha na." Waɗansu sun riga sun yar, waɗansu sun mutu an raba gado, sai ya bi magada. Gidan Malam Zaharaddeen sai da ya je sau da yawa kafin tsohon ya yarda ya fito.

Almustapha ya saurara har Bashar ya gama. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da babbar riga. Ya ce, "Malam, za ka raka ni?"

Bashar ya kai mu Goronyo. Mashkura tana takaba, ta bayan labule ta gaishe mu. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta turo wani ƙulli ta ƙarƙashin labulen. Almustapha ya kwance. Jajayen wuyan buzayen robar ne, an tsinke ɗinkin an ciro su ɗaya-ɗaya, waɗansu sun yi baƙi don dauɗa, waɗansu ko ƙura ba su sha ba. Jikin buzayen tuni Sirajo ya yayyanka ya yi rigunan sirdi da su.

"Yaya," in ji ta, "ya ce kayan gidanku na, ba nashi ba. In ya ƙare tarawa shi kawo maka da hannunshi."

"Bai ƙare ba?"

"Saura na wani mutum can Boyekai. Ya ƙi bayarwa. Wai shi na robar yaf fi so, ana wankewa, asu ba ya ci. Har shekaran bara ya koma, mutumin yac ce in ya sake zuwa karnuka za shi sakar mai."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Almustapha, ban san ko dariya ce ba. Ya ɗauki wuya guda ya kai kusa da idonsa, ya ga ba zai gani ba, sai ya bi ramukan allurar da ɗan yatsa tun daga wannan baki har wancan. Ya ajiye ya ɗauki wani. Mun daɗe a haka. Hayaniyar tasha tana shigowa ta kan katanga, ana lodin albasa.

"Da ya zaka da su hakanan," in ji shi. "Ko rabi na, da ya zaka."

Mashkura ta ce, "Na hwaɗa mai, Yaya. Yac ce ba a kawo maka aikin da ba a ƙare ba."

Almustapha ya haɗa su, ya ƙulle, ya ɗora a cinyarsa, ya dafe da hannu biyu. Har Bashar ya leƙo ya ce rana tana yi, bai tashi ba.